Yawon gaban ƙanƙarar Morteratsch da 'yar jagora: abun da naga da inda suka gaza

Jama'a barkanmu da warhaka, tun watan Agusta nake cewa zan rubuta wannan sharhin ban samu zama ba sai yau. Ni da ƙanwata muka biya kuɗin wani yawon rabin yini da wani ƙaramin kamfanin 'yan jagora yake shiryawa a kwarin Morteratsch, can kudu maso gabashin Suwizalan kusa da garin Pontresina, kuma tun da muka dawo ake tambayata wai ya cancanci kuɗinsa ne ko gara mutum ya kama hanya shi kaɗai tunda hanyar a buɗe take kyauta babu mai tare ka. Amsata a gajarce shine eh ya cancanta, amma ba don ƙanƙarar ba, don ƙasar da ke gabanta ne, kuma akwai abubuwan da suka ɓata min rai zan faɗe su.

Ga wanda bai san kogin ƙanƙara ba, dusar ƙanƙara ce take taruwa a kan tsauni shekara da shekaru, nauyinta ya danne ta har ta zama ƙanƙara zalla, sai ta riƙa gangarowa cikin kwari a hankali yanda ido baya iya ganin tafiyarta, tana niƙa dutse tana turo tsakuwa a gaba da gefe. In akace ta ja baya ba wai ta juya ta koma sama bane, bakinta ne yake narkewa fiye da yanda sabuwa take saukowa. Ta Morteratsch daga tsaunukan Bernina take saukowa, kololuwarsu Piz Bernina ta haura mita 4,000, kuma tun 1878 ake auna tsawonta ana rubutawa. A tsakiyar ƙarni na 19 bakinta yana dab da inda tashar jirgin ƙasa take yanzu, yau kuwa sai kayi tafiyar wajen kilomita 3 daga tashar kafin ka kai gare ta. Wannan kilomita ukun shine hajar da kamfanin yake sayarwa a gaskiya.

A tashar muka haɗu da safe, jirgin ƙasa ja ne yake sauke ka nan bakin kwarin ba sai ka nemi mota ba. 'Yar jagorar tamu dattijuwa ce, ta manyanta amma ƙafarta ta fi tamu, Malama muka riƙa kiranta har aka tashi. Abu na farko da tace mana shine kowa ya sa waya a aljihu na minti goma ya kalli inda yake tsaye, daji ne sosai, bishiyoyi dogaye, inuwa, ƙasa mai laushi da ƙamshin ruɓaɓɓen ganye, tace toh ku riƙe wannan a ranku don duk takun da zamuyi gaba ƙasar ƙara yarinta take, nan ta kai shekara 150 da fita daga ƙarƙashin ƙanƙara, can ƙarshe zamu taka wadda bata kai shekarun yaron firamare ba. A gefen hanya an kakkafa alluna ɗauke da shekaru, kowanne yana nuna inda bakin ƙanƙarar yake a wannan shekarar, 1900 ne, 1950 ne, 1970 ne har zuwa 2000 da 2010, kuma da kanka zaka ga in ka gwada tazarar allunan da yawan shekarun da ke tsakaninsu, ja da bayan na ƙarshe ya fi na farko sauri. Wanda yazo shi kaɗai allunan zai karanta ya ɗauki hoto ya wuce, mu kuwa a kowanne sai ta tsayar damu ta tambaya me ya ɓace daga cikin abun da kuka gani a baya.

Bishiyoyi iri biyu ne suka mamaye tsohon ɓangaren kuma labarinsu ya sha bamban, nan na fara jin kuɗina bai tafi a banza ba. Ɗaya Larix ce, mai ganye siriri kamar allura amma mai laushi, wadda take zubar da shi in kaka tazo bayan ya koma rawaya, irinta ƙanana ne masu fiffike iska ke ɗaukar su, tana son rana tana son ƙasa tsirara, shiyasa ita ce bishiyar da take fara shiga cikin tsakuwa. Ɗayar kuma Pinus cembra, mutanen wurin suna ce mata Arve, in ka kama ganyenta zaka ga allura biyar-biyar a ɗaure ɗaya, ita irinta mai nauyi ne ba fiffike, iska bata kai shi ko'ina. Toh waye yake shuka ta? Wani tsuntsu ne mai ɗigo-ɗigon fari da suke kira Tannenhäher, shi yake fasa kwanson ya cika jakar da ke ƙarƙashin harshensa da ƙwaya ya tashi ya je ya binne don guzurin hunturu, dubun dubatar ƙwaya a shekara, waɗanda bai tono ba sai su tsiro. Malama ta nuna mana wasu 'yan tsiro guda huɗu sun fito a wuri ɗaya kamar an dasa da hannu a gindin wani dutse, tace wannan rumbun tsuntsu ne da aka manta. Ƙanwata ta kamo hannuna tace Yaya kaji fa, ashe dajin nan tsuntsu ne manominsa, kuma bamu gama magana ba muka ji kukansa daga sama, wani irin kuka mai kaushi.

Da muka wuce allon 1950 bishiyoyin suka fara gajarta suna nisa da juna, sai ƙananan itatuwa masu cunkoso, Salix da kuma Alnus, suka karɓi wurin. A nan ne tayi abun da ya fi burge ni a duk yinin. Akwai wani gefen rafi da ruwa ya zaizaye ya bar saiwar Alnus a waje, ta tsugunna ta miƙo mana gilashin ƙara girma, kowa ya leƙa, a jikin saiwar akwai wasu ƙulle-ƙulle ruwan goro a dunƙule kamar 'yan yatsu ƙanana, tace a cikinsu bakteriya ce mai suna Frankia take zaune, tana jawo naitirojin daga iska tana ba itacen, shi kuma yana ciyar da ita. Irin aikin da saiwar wake da gyaɗa take yi kenan duk da bakteriyar ba ɗaya bace. Kuma wannan shine gishirin maganar gaba ɗaya, don ƙasar da ƙanƙara ta bari garin dutse ne kawai da tsakuwa, kusan babu naitirojin a cikinta babu ruɓaɓɓen ganye, duk shukar da zata iya samo nata takin daga iska ita take da riba, in ganyenta ya zube ya ruɓe kuma sai na bayanta su ci gajiya. Ban manta yanda ta mayar da ƙasa ta rufe saiwar da tafin hannunta kafin mu tashi ba, bata tsinki ko ɗaya ba kuma bata bar kowa ya tsinka ba.

Daga wajen allon 1970 zuwa gaba inuwa ta ƙare, fili ne na duwatsu fari da ruwan toka, gefe da gefe ga wasu manyan tuddai na tsakuwa masu tsini kamar ganuwa waɗanda ƙanƙarar ta tara lokacin da take da ƙarfinta, in ka ɗaga kai ka kalli tsayinsu ka tuna cewa har can sama ƙanƙara ta cika kwarin sai jikinka yayi sanyi. Daga nesa zaka rantse babu abun da ke raye a filin, amma da ka durƙusa sai kaga fure ko'ina. Wadda ta fi yawa ita ce Epilobium fleischeri, fure ruwan hoda mai ganye huɗu, tana fitowa tsakanin tsakuwa gungu-gungu, irinta yana da gashi kamar auduga iska na kwasa, Malama ta buɗe wani busasshen kwanso a tafin hannun ƙanwata, kafin mu ƙirga uku iska ta tafi da su duka. Akwai Linaria alpina 'yar ƙarama shunayya mai ɗigon ruwan goro a baki, akwai Saxifraga aizoides rawaya wadda sai inda ruwa ke tsattsafowa zaka ganta, akwai Oxyria digyna mai ganye zagaye mai tsami. Tace masu bincike daga Jami'ar Zurik da suka bi wannan kwarin sun samu irin waɗannan na farko suna bayyana kamar shekara 7 bayan ƙanƙara ta tashi, amma kafin daji na gaske ya kafu ana maganar shekara ɗari da ɗoriya mai yawa.

Wani abu da ban taɓa tunani ba, ashe ba shuka bace take fara zuwa. Kafin fure akwai ƙwayoyin halitta da ido baya gani, bakteriya da gansakuka da suke yin wani ɓawo baƙi-baƙi a kan laka su riƙe ta kada iska da ruwa su tafi da ita, in ka taka shi ka fasa aikin shekaru. Sannan gizo-gizo da ƙwari masu farauta sukan riga ganye isowa, suna rayuwa da wasu ƙananan ƙwari masu tsalle da kuma abun da iska ta jefo daga ƙasan kwari. Ta ɗaga wani dutse mai faɗi a hankali sai ga gizo-gizo ya fito a guje a wurin da ko ciyawa ɗaya babu, ta mayar da dutsen yanda ta same shi. Sai kuma wani tabo mai launin kore da rawaya a jikin manyan duwatsu mai zanen baƙin layi kamar taswira, kamar ƙyasbi a fata, laikin kenan, haɗin gwiwa ne tsakanin fungas da gansakuka, girmansa a shekara baya kai milimita ɗaya ba, har wani masani ɗan Ostiriya Roland Beschel ya fito da dabarar auna faɗinsa don a san tun yaushe dutse ya fita daga ƙanƙara. Ta sa mu lura da kanmu, kusa da tasha tabon manya ne, a tsakiya ƙanana, a duwatsun ƙarshe babu ko ɗigo.

Abun da ya sa na yarda da ita shine bata sayar mana da labari mai santsi ba. Wani daga cikinmu yace toh kenan layi ne, gansakuka sai fure sai itace sai daji, tace a'a ba haka kawai bane, ta kaimu wani wuri inda ƙasa biyu masu shekaru ɗaya suke fuskantar juna, ɗaya kore shar ɗaya tsakuwa tsirara, bambancin kawai ɗaya tana bayan babban dutse inda iska bata bugu, laka mai laushi ta taru, danshi yana daɗewa, ɗayar kuma rafi yana sauya hanya ya share ta duk 'yan shekaru sai a koma farko. Iri yana buƙatar maɓoya, ɗan rami ko gindin dutse, kuma yana buƙatar uwar da zai fito daga gare ta a kusa. Ta kawo misalin Glacier Bay, wani mashigin teku a Alaska ta Amurka, inda matuƙin jirgin ruwa George Vancouver ya tarar da ƙanƙara ta toshe mashigin a 1794, mai nazarin halitta John Muir yazo a 1879 ya tarar ta ja baya kilomita da yawa, sai masanin tsirrai William Cooper ya kafa 'yan filayen gwaji a 1916 yana komawa yana ƙirga abun da ya tsiro, daga can aka samo tsarin da ake koyarwa a makarantu, amma binciken da ya biyo baya ya nuna nisan wuri daga tsohon daji yana sauya labarin sosai, wani wurin baya bin layin littafi sam. Har ta taɓo mana Afirka, tace a Dutsen Kenya ma ƙanƙara tana ƙarewa kuma shuke-shuke suna bin sawunta suna hawa.

Yanzu bari nazo kan inda suka gaza don kada ace yabo kawai nazo yi. Na ɗaya mun yi yawa, a shafinsu na intanet sun rubuta ƙaramar tawaga amma da muka taru mun kusa ashirin, gilashin ƙara girma kuma uku ne kacal, duk abun da za'a leƙa sai anyi layi, na baya basa jin me take cewa musamman kusa da rafi inda ƙarar ruwa take cinye murya. Kuma illar ba ta mu kaɗai bace, mutum ashirin in suka zagaye fure ɗaya dole wasu su sauka daga hanya su tattaka wannan ɓawon da yanzu aka gama ce mana yana ɗaukar shekaru, na ga fuskar Malama ta canza lokacin, tayi ta roƙo a koma kan dutse, laifin ba nata bane na masu karɓar rajista ne. Na biyu basu gargaɗe mu kan sanyi ba yanda ya kamata, sun dai ce a sa takalmi mai kyau shikenan, alhali akwai wata iska da take gangarowa daga kan ƙanƙara tana bin kwarin, a tasha zafi har kana cire riga amma daga allon 2000 zuwa gaba sai da ƙanwata ta fara rawar ɗari, na cire rigar sanyina na bata tana cewa Yaya kai fa, nace sa kawai. Layi ɗaya a saƙon imel ya isa ya hana wannan.

Na uku kuma shine ya fi min ciwo, rabon lokaci. Mun daɗe sosai a cikin daji da tsakiya, da muka iso sabuwar ƙasa wadda ita ce dalilin zuwana sai aka fara duba agogo saboda wasu suna son su kama jirgi, ko minti ashirin bamuyi ba a wurin. Kuma wallahi wurin ya cancanci awa guda. Ƙasa ce jiƙaƙƙiya mai motsi ƙarƙashin ƙafa, ruwan rafin fari kamar an dama madara saboda garin dutse, ƙanƙarar kanta ba fara tas bace kamar a hoto, baƙa-baƙa ce tsakuwa ta lulluɓe ta, kana jin ɗigar ruwa da faɗuwar duwatsu daga gefe. Malama ta hana kowa matsawa kusa da bakinta kuma tayi daidai, ɓangare yana iya ɓallowa ba sallama. Ta nuna mana sama inda ƙanƙarar Pers take, tace da a haɗe suke da ta Morteratsch, a 2015 suka rabu, yanzu dutse ne tsirara da ruwa mai zubowa a tsakaninsu. A can ne, nesa kaɗan da allon 2010, ƙanwata ta hango wani tsiron Larix da bai fi tsawon ɗan yatsa ba a maƙale a gindin dutse, shi kaɗai a cikin wannan fili, muka durƙusa mu biyu muna kallonsa har aka kira mu.

A hanyar dawowa na tambaye ta nace Malama ke wannan koren da yake hawa yana faranta miki rai ne ko kuwa, tayi shiru kaɗan sannan tace duka biyun. Tace tana son ganin rai yana shiga inda babu, amma furannin farko ba masu jure gasa bane, da ciyawa da itace suka rufe wuri suke ɓacewa, muddin ƙanƙara tana ja baya suna da sabuwar ƙasa da zasu gudu, ranar da ta ƙare kuma ina zasu je, tsauni yana da iyaka. Sannan ga maganar ruwa, wannan rafin yana shiga kogin Inn, Inn ya shiga Danube har Bahar Aswad, kuma ƙanƙara ce take ciyar da shi a watannin zafi. A shekarun 2022 da 2023 kaɗai Suwizalan ta rasa kusan kashi 10 cikin 100 na ƙanƙarar tsaunukanta. Bata ɗaga murya ba da take faɗa, kamar mai ba da labarin maƙwabcin da ya daɗe yana jinya, ni kam maganar ta zauna min har yau.

Toh ga mai niyyar zuwa, hanyar shimfiɗaɗɗiya ce kusan babu hawa, yaro da dattijo duk zasu iya, kai kaɗai awa ɗaya ta isa ka kai ƙarshe amma da 'yar jagora ka ware awa huɗu. Kafin ka biya ka rubuta musu ka tambayi adadin mutane ƙarara, in sun haura goma ka nemi wata rana, kuma ka tambaya ko za'a iya wucewa kai tsaye zuwa bakin ƙanƙara da farko sannan a dawo a hankali, don ni a ganina haka ya fi, ka fara da tsakuwa tsirara kana tafiya rai yana ƙaruwa har ka shiga daji, kuma lokacin da ya fi tsada ba zai ƙare a guje ba. Ka tafi da rigar sanyi ko da rana tana ƙuna, da ruwan sha, da naka gilashin ƙara girma in kana da shi. Yuli da Agusta ne lokacin fure. A tauraro biyar na basu huɗu, Malama ita kaɗai biyar ce cif, ofishinsu ne ya ci ɗayan. Na riga na rubuta musu ƙorafina kan yawan mutane, sun amsa da ladabi sunce zasu duba, ni kuma nace in Allah ya kaimu Oktoba lokacin da Larix take komawa rawaya zan sake yin rajista in dai da ita za'a haɗa ni, ƙanwata ta ajiye hoton dutsen da tsiron nan yake gindinsa a wayarta don mu gane wurin.